Lihafin da Usman Ya Jefar

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Maimuna mai lihafi, ta tsohuwar unguwar Hindawiyya.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwa, tare da durƙuso da ban girma, ina fatan rahamar Allah tana lulluɓe da ke a inda kike kwance. Mu nan Jidda muna nan yadda kika bar mu, sai abin da ya ƙaru, kuma abin da ya ƙarun ne ya sa na zauna rubuta miki wannan.

Ummi, kin san ba ni da kwana-kwana. Na yanki Usman da almakashinki, babban nan mai baƙin mariƙi da kika hana kowa yanka takarda da shi. Yatsunsa biyu na hannun dama ba sa lanƙwasuwa yanzu, kuma likita ya ce kada a sa rai. Ƙanena, ɗan autanki, wanda na goya har bayana ya gaji, direban da bai iya komai ba sai riƙe sitiyari. Ni Halima na yi masa haka, a ɗakina, da rana tsaka.

A inda jama'a za su gani nake rubutawa, don haka ki yi haƙuri in na maimaita abin da kin fi ni sani.

Lihafi dai bargon faci ne. Larabawa auduga suke cusa wa nasu, ke kuwa kin ce auduga ta malalata ce. Naki tsofaffin zannuwa ake jerawa har bakwai, ko a kawo tsohon lihafin da ya gaji a shimfiɗa shi ya zama ciki, a rufa masa sabuwar fuska ta ƙyallaye, sannan a bi da basilla layi-layi, tsakanin layi da layi faɗin yatsa ɗaya. In na kuskura na buɗa ya kai yatsa biyu, sai in ji zoben ƙarfen nan na ɗinki a tsakiyar kaina. Ba ki taɓa ba ni haƙuri ba, ni ma ban sake buɗa layi ba. Kuma duk lokacin da kika ɓoye wani abu a cikin lihafi, kamar 'yan kunnen zinaren da kika taɓa sakawa, sai ki ƙulle wurin da baƙin zare. Ni kaɗai kika nuna wa wannan.

Sanyin Jidda kuwa kowa ya san abin dariya ne, duka-duka kwana nawa yake yi? Amma da zarar iskar teku ta ɗan juya sai mu fito da lihafai, a ƙure mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a shige ciki ana cewa bana an yi sanyi. Lokacin ne na biki da suna da ziyara, lokacin ne kuma kike zama ɗinki tun daga hantsi har la'asar, ƙafa a miƙe, zare a baki, kina aiken kowa da ido. Duk 'yar da aka aurar a danginmu da lihafinki ta tare.

Abu ɗaya ne ba a faɗa da ƙarfi a gidanmu, shi ne takarda. Kakanninmu da ƙafa suka zo aikin hajji suka zauna ake kiransu Takari, mu a nan aka haife mu, ba mu san wata ƙasa ba, amma rayuwarmu duka a jikin 'yan takardu take rataye. Ke in za ki ambaci iƙama, takardar izinin zama, sai kin tashi kin rufe taga. Shekarar da ambaliya ta shigo ɗaki ta jiƙa akwatin Baba, na gan ki kina shanya takardu ɗaya-ɗaya a kan faranti. Tawa kika damƙa mini, tunda ina gidan miji. Ta Usman kuwa, takardar haihuwarsa ta asali, kika ce mutumin da ya ɓatar da makullin gida sau uku a wata ɗaya ba za ki ba shi ransa ya riƙe ba. Daga ranar ba wanda ya sake ganinta. Da na tambaya kika ce, "Tana inda nake so."

Sai rusau ya iso Hindawiyya.

Ranar tashinmu katafila tana cin gidan maƙwabtanmu na ƙarshen lungu. Na ga haƙorinta ya shiga bangon ɗakin da muka yi karatun allo, ya fizgo shi da tagarsa da labulensa gaba ɗaya. Ƙarfe yana kuka, ƙasa tana girgiza a tafin ƙafa, mata suna ɗaure kaya suna sharar ido. Usman ya zo da motar kayan kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa a iƙama, daga Abhur unguwar masu kuɗi, farar jallabiyarsa fes, yana ta "Yalla, yalla" kamar mu ne muka ɓata masa rana. Kika fito da shuɗin lihafin nan da kika ɗinka masa da rigunan Baba lokacin aurensa, wanda ya bari a ɗakinki shekara da shekaru, kika miƙa masa da hannu biyu. Ya ce, "Ya Ummi, halas, ya isa haka. Tsumman Takari har Abhur? Ina zan kai wannan?" Ya wurga shi kan ɓaraguzai.

Kika mare shi. Namiji da gemunsa, a gaban mazan unguwa da leburori, kuma duk ƙarar katafilar sai da na ji marin nan. Amma ba ki ce masa komai ba. Ya juya ya shige mota ya buga ƙofa, ke kuma kika dube ni kika ce a hankali, "Halima, ɗauko. Ki ajiye masa, nasa ne." Na ɗauko na kakkaɓe na cusa cikin buhun ƙyallaye, ina zaginsa a zuci. Bai ga na ɗauka ba.

Ba ki cika shekara a ɗakin hayarmu na Bani Malik ba ɓarin jikinki ya shanye. A kwanakinki na ƙarshe kika kama hannuna kika ce, "Takardar Usman. Lihafi." Na ce wanne, Ummi? Harshe ya ƙi. Kika ɗaga hannunki mai lafiya kika nuna ni, kika sake nuna ni. Ni kuma na tashi na kawo miki ruwa.

Bana Khadija, 'yar Usman, ta samu miji. Ita ta zaɓi abinta, mai gyaran mukayyif ne, mutum mai kunya da ba ya iya haɗa ido da ni. Tun farkon sanyi ta zo ta zauna kusa da kekena da Hausar nan tata mai tafiya da sanda, ta ce, "Gwaggo, ina so lihafi zay na Sitti, mai nauyi." Kin ji, irin na kakarta take so. Na ji daɗi har cikin raina. Na buɗe buhu neman abin da zan yi ciki da shi, sai ga shuɗin nan. Na ce yawwa. Kai Usman da ka kira shi tsumma, 'yarka za ta kwana a ƙarƙashinsa har ta tsufa ba ka sani ba. Na shafa shi sau ɗaya sama-sama, na shimfiɗa, na rufa masa fuska da koriyar atamfarki da yankin rigar makarantar Khadija da ragowar leshin bikina, na kama layi.

A kusurwa ɗaya basilla ta dinga cijewa. Biyu na karya a wurin. Na ce har bargonsa taurin kai gare shi, na danna da zoben ƙarfe na jawo da filaya, na wuce. Layina bai karkace ba ko ɗaya, da kin gani da kin yi shiru, wanda shi ne yabonki.

Na ci kashi biyu cikin uku na aikin maganar takarda ta taso. An je rubuta aure aka ga sunan kaka a takardar Khadija bai yi daidai da na iƙamar ubanta ba, aka ce sai an kawo takardar haihuwar Usman ta asali kafin a gyara. Dangin ango ba mugaye ba ne, irinmu ne, shi ya sa ma suka tsorata. Uwar angon ta ce ita ba za ta ga jikokinta sun tashi ba takarda ba, in ba a ɗaura kafin azumi ba kowa ya kama gabansa. Khadija ta daina cin abinci.

Na gaya wa Usman abin da kika faɗa a gadon asibiti. Muka zauna muka lissafa lihafan da kika ɗinka bayan ambaliya da ke hannun dangi, muka samu tara. Tun daga nan na zama mace mafi zumunci a Jidda. Gidan da rabona da shi tun rasuwarki sai ga ni da ledar dabino. A kawo gahawa, a yi hira, a zagi tsadar haya, sai in ce, af, ina lihafin Ummi, a kawo in duba ko yana son gyara. In baje shi in dinga murzawa kamar mai kwaɓa fulawa, ido yana neman baƙin ƙulli. Ba wanda na gaya wa abin da nake nema, don ke kika koya mana ba a faɗa. Wata har cewa ta yi, "Masha Allah, Halima ta yi hankali." Usman yana waje a mota yana jira, in na fito ya dubi fuskata ya tayar da mota. Gida shida, ba komai. Sauran ukun suna wurin ƙanwarki Inna Asabe, ita kuwa ta ce na Yayarta ne, ba mai sa musu allura tana raye.

A hanyar dawowa daga gida na shida ne, bayan la'asar, ya rage murya ya ce, "Yaya, nawa fa? Shuɗin nan."

Na ce, "Wanda ka wurga kan ɓaraguzai? Je ka tambayi katafila."

Ya tsayar da mota a gefen titi ya dinga dukan sitiyari da hannu biyu har hon yana tashi, sannan ya dinga buga goshinsa a kai. Ina zaune ina kallonsa, jakata a cinya. Ummi, zan gaya miki dalilina duka, ki zaɓi wanda za ki tsine mini a kai. Na tabbata ba ta ciki, don kin ɗinka shuɗin tun kafin ambaliya da shekaru. Kuma ina so ya ji zafin abin da ya yi miki ranar nan. Amma babban dalilin shi ne wata biyu na yi ina tsugune a kan aikin nan, in na ce yana wurina sai an farke. Na ji tausayin ɗinkina fiye da ɗan'uwana.

Saura kwana goma sha biyu azumi aka yi sunan jikar Inna Asabe. Ɗaki cike da mata, turaren wuta, masa da miya, kowa ta ci ado. An shimfiɗa lihafanki uku a ƙasa don a nuna wa baƙi, jaririyar tana kwance a kan na tsakiya. Sai ga Usman ya ɗaga labule ba sallama, wuƙar yankan kwali a hannunsa. Mai jego ta wawuri 'yarta. Ya kama gefen lihafi ya fizge shi daga ƙarƙashin mata, wasu suka kife. Inna Asabe ta riƙe ɗaya gefen da hannu biyu tana cewa, "Haram alek, ya Usman, na uwarka ne." Ya ja ta a ƙasa, tsohuwa mai shekara saba'in da wani abu, har ta faɗa kan tiren gahawa, butar ta kife mata a ƙafa.

Ya durƙusa ya tsaga. Daga wannan baki zuwa wancan, ƙarar yagewar nan har yau tana kunnena. Ya zura hannu yana fizgo zannuwanki ɗaya bayan ɗaya yana watsarwa, wanda kika je Madina da shi, wanda kika goye shi da shi, duk na gane su suna tashi sama. Maza suka shigo suka rufe shi da duka. Wani ya fasa masa leɓe, wani ya shaƙe shi ta baya, bai saki ba sai da ya gama da na ukun. Babu komai a ciki. Ya tsaya a tsakiyar tsummokara, jini a gemunsa, ya ce, "Wen, ya Ummi? Ina kika sa?" Ni ina jikin bango, kuma ko a lokacin ban buɗe baki ba.

Washegari bayan azahar ya zo ɗakina. Idonsa ɗaya a kumbure. Ya ce, "Ke kaɗai kika ji ta. Ke kika san inda take, so kike in zo in durƙusa miki." Ya fara da lihafin da nake rufa da shi, ya bi na mutane da aka kawo gyara, ya farke matasan kai, ya tsaga katifa. Ya ɗaga keken ɗinkinki daga kan tebur ya maka da ƙasa, kansa ya rabe biyu. Na ci kwalarsa, ya kawo mini mari da bayan hannu, na bugu da bango, na tofar da haƙori guda a tafin hannuna. Na zage shi, Ummi, zagin da in kina raye sai kin wanke mini baki da sabulu. Na kira shi bawan masu kuɗin Abhur, na ce wanda ya ji kunyar uwarsa ba shi da rabon ganin auren 'yarsa.

Sai ya juya ga lihafin amarya. Yana shimfiɗe a ƙasa, saura layi kaɗan in gama, basilla ma tana soke a jiki. Ya dafa kusurwa da gwiwa ya ɗaga wuƙa.

Mutane sukan ce ba su san lokacin da suka yi abu ba. Ni na sani. Na ga almakashinki a kan tabarma, na ɗauka, na buɗe bakinsa, na sara a kan hannun da ke riƙe da wuƙar da duk ƙarfin da Allah ya ba ni. Na ji ƙarfen ya taɓa ƙashi. Wuƙar ta faɗi, jini ya yi tsartuwa a kan koriyar atamfarki, yatsun nan biyu suka saki kamar ba nasa ba. Ya dube ni irin kallon da yake mini yana ɗan shekara uku in na sauke shi daga baya. Abin da ya ce kawai, "Yaya."

Maƙwabci ne ya kai shi asibiti. Da aka tambaye shi ya ce kwanon rufi ne ya yanke shi a wurin aiki. Ya rufa mini asiri, kuma tun ranar bai sake yi mini magana ba.

Kwana biyu ban taɓa komai a ɗakin ba. Rana ta uku na zauna fitar da jinin, don ba a kai wa amarya jinin ubanta. Ruwan sanyi da gishiri suka kasa, ya riga ya ratsa har ciki, a kusurwar nan da na karya basilla biyu. Dole na farke. Na ɗaga fuskar, shuɗin ya bayyana, sai na ga wani ɗan faci da bai kai tafin hannu ba, launinsa ɗaya da rigar Baba. Na ɗaga bakinsa da tsinin allura. Baƙin ƙulli, naɗi uku, irin naki.

Tana ciki, Ummi. A ninke cikin leda, an naɗe da yankin ɗankwalinki. Kuma zarena ya bi ta cikinta layi goma sha ɗaya, faɗin yatsa ɗaya tsakani, a miƙe yadda kika koya mini. Da hannuna na huda sunan ƙanena na ɗinke shi, ina dannawa da zoben ƙarfe ina yi masa ba'a. Na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da ke.

Ashe bayan ambaliya buɗe tsohon lihafinsa kika yi kika zura ta, kika rufe yadda ni ɗalibarki ma ban gani ba. Ashe ranar rusau ransa kika miƙa masa da hannu biyu. Ashe a asibiti ba ruwa kike so ba, cewa kike yana wurinki, Halima. Da na bar shi ya tsaga da ya same ta, ko kuma da wuƙar ta raba ta biyu. Ina ta juya waɗannan biyun a raina, ba wanda ya ba ni sauƙi.

Na kira Khadija. Kwana huɗu muka yi a tsugune, ni ina yanke ɗinki ɗaya-ɗaya da reza, ita tana zare zaren da hantsaki, ba mai numfashi da ƙarfi. Da muka buɗe ta ta zama kamar rariya, in ka ɗaga haske yana ratsowa. Amma sunansa yana nan, sunan Baba da na kaka suna nan, hatimin ma ana ganewa. Khadija ta sumbaci takardar ta sumbaci kaina, sannan ta ce, "Gwaggo, kada ki faɗa wa Baba a wane lihafi. Halas, an samu." Ta je ta ce masa a cikin ɗaya daga na Sitti aka gani. Bai tambayi wanne ba.

An karɓi takardar. An ɗaura aure saura kwana biyu azumi, Usman ya sa hannu da hagu, aka ce rubutun kamar na ɗan koyo. Ni a layin baya na zauna wurin taron mata, ina rufe gibina da mayafi, Inna Asabe tana gaba da ƙafarta a naɗe, ba ta kalle ni ba, ba ta kalli matar Usman ba. Khadija ta yi kyau, da kin ga tafiyarta da kin ce taki ce. Lihafinta kuwa na cire masa shuɗin na cusa auduga, don lokaci ya ƙure. Ki yafe mini, jikarki da na malalata ta tare.

Kafilin Usman bai kore shi ba, amma ya karɓi makullin mota ya ba wani. Yanzu a bakin ƙofar gidan yake zama a kan kujerar roba, yana buɗe wa motar da ya tuƙa shekara da shekaru ƙofa. Matarsa ta ce in ya ji tashin injinta yatsunsa ukun nan masu rai suna motsi a kan gwiwarsa.

Ina jin haushinki ke ma, Ummi, ba zan ɓoye ba. Kalma ɗaya ce. Da kin ce masa takardarka tana ciki, da yau hannunsa lafiya, da Inna Asabe ba ta ƙone ba, da kekenki yana kan tebur. Kin zaɓi ki mare shi a gaban maza a kan ki ambaci takarda a gaban maza. Amma in na huce ina ganewa. Kin tashi kina ganin ana tafiya da mutane saboda takarda ɗaya, kin binne miji, kin ga an ture ɗakin da kika haife mu a ciki, abin da ya rage a hannunki da ba wanda zai iya ƙwacewa shi ne allura da shiru. Ba don ƙi kika ɓoye masa ba, tsoron kada ya ɓatar ne. Mu biyun kuma mun gaji shirunki mun gaji saurin hannunki, ba mu gaji dalilin ba.

Ina kewarki. Ina kewar ƙanshin man zafin da kike shafawa a gwiwa, da yadda kike lasar zare sau biyu kafin ki zura, da yadda in sanyi ya shigo kike tashi ki ja mana lihafi har haɓa ko muna gumi. Usman kike fara rufawa, ni ina kallo da rabin ido ina jin kishi. Ina tsammanin kishin nan ma yana cikin abin da ya riƙe almakashin tare da ni.

Khadija ta roƙe ni in yi shiru, na yi mata shirun azumi guda. Na ga irin shirun ne ya kawo mu nan, kuma ni ba zan mutu ina nuna mutum da yatsa yana kawo mini ruwa ba. Usman ba ya karanta boko, amma Jidda ba ta rasa masu kai magana, kafin gobe wani zai karanta masa wannan a bakin ƙofar. To ya ji. Shuɗin yana wurina tun ranar rusau. Yana ɗakina lokacin da ya tambaye ni a mota, yana ɗakina lokacin da ake dukansa a gidan suna, kuma a kansa gwiwarsa take lokacin da na sare shi.

Sanyi ya wuce, an mayar da lihafai saman kabad. Na Inna Asabe uku suna nan a buhu, ina haɗa su kaɗan-kaɗan da hannu tunda babu keke. Shuɗin kuwa na gama da shi jiya. Na toshe hudar da na yi masa, na mayar da facinki yadda yake, har baƙin ƙullin na bari. Jinin da ke kusurwar ya ƙi fita, na daina wankewa.

Kin ce in ajiye masa, nasa ne. Na ajiye, amma ajiyar mugunta na yi. Gobe Juma'a bayan la'asar zan hau mota zuwa Abhur in tsaya a bakin ƙofar in miƙa masa da hannu biyu, yadda kika yi. In ya wurgar zan ɗauko in kakkaɓe in sake miƙawa, kuma wannan karon da baki zan faɗa masa abin da yake, ko duk titin suna ji.

Allah ya jiƙanki, Ummi, ya yalwata kabarinki, ya sanyaya shi, ya haɗa ki da Baba a gidan da ba a tambayar takarda kuma ba a rusawa. Allah ya yafe miki shirunki, ya yafe mini hannuna da harshena. Allah ya ba Inna Asabe lafiya, ya zaunar da Khadija a ɗakinta. Ya tausasa zuciyar Usman gobe, in kuma bai tausasa ba, ya ba ni ƙafar komawa jibi. Amin.

Wassalamu alaiki.

'Yarki mai taurin kai,
Halima
Bani Malik, Jidda